Damuwa da gado: amsar tambayoyin da ake ta maimaita mini

Tambayoyin nan su ne dai kullum, daga iyaye, daga masu neman aure, daga waɗanda barci ya ƙaurace wa. Na tattara su a nan, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Da gaske ana gadon damuwa?

Ana gadon saurin kamuwa da ita. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna gado na da kusan kashi 37 cikin ɗari a ciwon damuwa. Sauran kuma abin da rayuwa ta kawo ne: maraici, talauci, duka, bashi, gudun hijira.

To ba raunin imani ba ne?

A'a. Kuma ku daina faɗa wa mara lafiya haka. Mai hawan jini ba wanda ke ce masa tawakkalinsa ne ya yi ƙasa, ana kai shi asibiti ne ana kuma yi masa addu'a. Macen da ta tsere daga garinsu a Borno, ta yi shekaru a sansanin 'yan gudun hijira, idan ta daina barci ba wa'azin haƙuri kaɗai take buƙata ba.

Abu ɗaya ya same mu ni da ɗan'uwana, shi ya warware, ni na kasa. Me ya sa?

Ku da kuke ciki ɗaya, kusan rabin ƙwayoyin gadonku ne kawai suka zo ɗaya. Idan mutum ya shiga tashin hankali, ƙwaƙwalwa kan aika saƙo zuwa wasu ƙananan sassa da ke saman ƙoda, su saki sinadarin kotisol, jiki ya shirya gudu ko faɗa. Idan ƙura ta lafa, ya kamata sinadarin ya sauka. A jikin wasu yakan sauka da wuri, a jikin wasu sai ya daɗe. Ƙwayar gado mai suna FKBP5 na cikin masu hannu a wannan aikin. Binciken tagwayen sojojin Amurka na zamanin yaƙin Biyetnam, wanda ya fito a 1993, ya gano gado na da kusan kashi 30 cikin ɗari a firgicin da ke biyo bayan bala'i. Ba ragwanci ka yi ba, ɗan'uwa.

Akwai gwajin jini da zai nuna, kamar na sikila?

Babu. Sikila ƙwayar gado ɗaya ce ke kawo ta, shi ya sa ake iya cewa wane AS ne, wance SS. A 2003 wani bincike a garin Dunidin na ƙasar Niyu Zilan ya ɗora alhakin abin kan ƙwaya ɗaya mai alaƙa da wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna serotonin, duniya ta ɗauka. A 2019 aka sake auna zancen da bayanan dubban ɗaruruwan mutane, bai tabbata ba. Ƙwayoyi ne ɗaruruwa, kowace da ɗan tasirinta ƙalilan, kuma yawancin waɗanda aka yi binciken a kansu Turawa ne. Duk wanda ya ce ku biya ya auna muku "jinin damuwa", ku riƙe kuɗinku.

Mahaifiyar yarinyar da nake nema tana fama da ciwon damuwa. In fasa?

Wannan ce tambayar da ba na son gaggawa a kanta. Da farko ka san wane ciwo ne, domin mutanenmu komai sai su kira shi taɓin hankali. Ciwon damuwa daban, ciwon da ke sa mutum jin muryoyi da zargin kowa daban, kuma gado ya fi ƙarfi a na biyun. Ko a shi ɗin, a cikin 'ya'ya goma da ɗaya daga iyayensu ke da ciwon, kusan ɗaya ne ke kamuwa, tara lafiya lau.

A ciwon damuwa kuwa, mai uwa ko uba ko ɗan'uwa da ke da shi haɗarinsa ya ninka na sauran mutane sau biyu zuwa uku. Ba zan ɓoye maka wannan ba. Amma wannan lissafin jama'a ne, ba zai gaya maka makomar wannan yarinyar ba. Mai yiwuwa ta gaji abin, mai yiwuwa ba ta gada ba. Ko ta gada, yana iya kwanciya har ƙarshen rayuwarta idan ba a taso shi ba. Kuma me ya kwantar da mahaifiyar? Rasuwar miji ce, ko haihuwa a kai a kai ba mai taimako, ko zaman gida mai tsanani? Ka bincika wannan ma.

Sannan ka binciki kanka. Kai mai yawan faɗa ne? Idan ta haihu hankalinta ya dugunzuma, za ka kai ta asibiti ko za ka kulle ta a ɗaki kana jin kunyar maƙwabta? Idan amsarka ba ta da daɗi, to gara ka bar ta ga wanda zai iya. Idan za ka iya, ban ga dalilin fasawa ba, sai dai ku zauna da likita ku biyu kafin a sa rana. Naku gidan ma, in an tona, ba za a rasa wani ba.

Wahalar da uwa ta sha tana bin yaro?

Akwai alamar haka. Mutanen da aka yi cikinsu lokacin yunwar ƙasar Holan ta 1944 zuwa 1945, an ga sauyi a yadda wasu ƙwayoyin gadonsu ke aiki bayan shekara sittin. Don haka a ciyar da mai ciki, a rage mata aiki, a daina ɗaga mata hankali.

Yaushe zan je asibiti?

Idan ka kai mako biyu ba barci, ba cin abinci, komai ya fita ranka. Idan tunanin kashe kai ya zo, yau ɗin nan, ka gaya wa wani ya raka ka. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna, Maiduguri, Kware ta Sakkwato da Dawanau ta Kano. Kada ka fara da taramol ko kodin daga kemis.