Waiwaye: Yadda fatalwa ta shiga aji a Ingila

Har yanzu iyaye da malamai a Ingila na ja-in-ja kan tsofaffin littattafan ban tsoro da binciken laifi da ake karantar da 'yan shekara 14 zuwa 16. Wasu sun ce Turancin ya yi wa yara tsauri, wasu kuwa kashe-kashen da ke ciki ne ya dame su. Tun 2015 manhajar jarrabawar GCSE, wadda ɗalibai ke rubutawa suna da shekara 16, ta tanadi karanta ƙagaggen labari ɗaya na ƙarni na 19, kuma Jekyll and Hyde na Stevenson na cikin waɗanda makarantu suka fi ɗauka.

Sai dai zancen ya girmi manhajar nesa ba kusa ba. Horace Walpole ne ya buɗe fagen labaran kangon fada da fatalwa a 1764, Edgar Allan Poe kuma ya fito da gwanin binciken laifi a labarinsa na 1841. Wannan kowa ya sani.

Wadda ake yawan tsallakewa ita ce Ann Radcliffe. A littafinta The Mysteries of Udolpho na 1794, jarumar labarin, Emily, ta ɗaga wani baƙin mayafi a wani ɗaki, ta ga abin da ya sa ta suma nan take. Marubuciyar ta ja bakinta ta yi shiru, ta bar mai karatu da zullumi har kusan ƙarshen juzu'i na huɗu, sannan ta ce ai mutum-mutumin kakin zuma ne mai kama da ruɓaɓɓiyar gawa. A ganina nan akalar ta juya. Tsoro ya zama tambaya mai amsa, abin da kuwa yake da amsa malami zai iya kawo shi a jarrabawa. Wannan sawun Conan Doyle, marubucin labaran ɗan bincike Sherlock Holmes, ya bi a 1901: karen aljanun da ya addabi dajin Dartmoor, da Sherlock Holmes ya bi diddigi, ashe kare ne kawai da aka shafa wa sinadari mai ƙyalli a duhu.

Fargabar da ake yi wa matasa ma daɗaɗɗiya ce. A Northanger Abbey, wanda ya fito a 1817, Jane Austen ta zana wata 'yar shekara 17 da karatun Udolpho ya hau mata kai. Ta je baƙunta, ta tsinci wasu takardu a kabad cikin dare, ta kwana gabanta na faɗuwa. Da gari ya waye ta duba, ashe lissafin kayan wanki ne.