Tambayoyi da Amsoshi kan Gyaran Tsofaffin Agoguna a Zariya

Tambaya: Me ya sa agogo mai wani, wato wanda ba ya aiki da batir, yake tsayawa alhali babu abin da ya karye a cikinsa?

Amsa: Galibi man da ke cikin injin ne ya bushe. Irin wannan agogo da sifirin yake aiki, kuma ƙafafun haƙoransa suna juyawa ne a kan ƙananan duwatsu jajaye, waɗanda ake rubuta adadinsu a fuskar agogon, 17 ko 21. Idan shekaru suka ja, man ya daskare, ƙurar hunturu ta shiga ta cakuɗe da shi, sai ya koma yana cin ƙarfen da ya kamata ya kare. Maganinsa shi ne a kwance injin ɗaya bayan ɗaya, a wanke, a ɗiga man agogo da bakin tsinke. Wanda ya tsoma injin a fetur bai kwance shi ba, ko ya zuba masa man keken ɗinki, ya tayar da shi ne na ɗan lokaci kawai.

Tambaya: Ina ake samun kayan gyaran agogon da kamfaninsa ya daina ƙerawa?

Amsa: Kafin a fita nema, a fara sanin lambar injin, domin sunan da ke fuskar agogo ba ya wadatarwa. A bayan Seiko 5, wanda aka fara fitarwa a 1963 kuma alhazai suka shigo da shi da yawa, akwai lambobi kashi biyu da ɗan layi a tsakani. Huɗun farko, kamar 7009 ko 6309, su ne lambar injin. Da ita za a je wurin masu gyara a Sabon Gari ko Tudun Wada a tambaya.

A ganina, babu abin da ya kai mataccen agogo mai irin wannan inji amfani. Tsofaffin masu gyara kan tara su a gwangwani, wani babu gilashi, wani babu hannaye, amma cikinsu lafiya lau, kuma abin da aka ciro daga nan yana zama daram ba tare da an goge shi ba. Idan an rasa a Zariya, sai a leƙa Kano, sannan intanet, inda dole a yi hattara da agogunan da aka harhaɗa daga gawarwaki daban-daban aka sake musu fenti. Na HMT, kamfanin Indiya da aka rufe sashensa na agogo a 2016, sun yi ƙaurin suna wajen wannan.

Tambaya: Agogona yana gudu fiye da kima. Ya lalace ke nan?

Amsa: Ba lallai ba ne. Sau da yawa maganaɗisun sifika ko na waya ne ya kama siririn sifirin da ke daidaita bugunsa, kuma cire maganaɗisun aikin 'yan mintoci ne.

Tambaya: Mai gyara ya ce a cire injin a sa na batir. In yarda?

Amsa: Bayan da Seiko ta fito da agogon batir na Astron a 1969, a hankali aka fara samun inji mai araha wanda ya fi na wani kiyaye lokaci, saboda haka shawarar ba ta rasa hujja. Sai dai darajar tsohon agogo a injinsa take, musamman na gado. Idan ya zama dole, a karɓi tsohon injin a adana shi inda babu danshi, kuma kada a yarda a yanke ƙafafun da ke riƙe da fuskar agogon, domin idan aka yanke su, mayar da injin asali zai yi wuya.