Waiwaye: cocin 'yan Suwidin da wasiƙa ta ceto a Delaware

A birnin Wilmington na jihar Delaware a Amurka akwai wani cocin dutse da kaburbura suka kewaye, mutanen gari suna ce masa Old Swedes, wato cocin 'yan Suwidin na dā. Tun shekarar 1699 yake tsaye. Harshen Suwidin ya daɗe da barin mumbarinsa, ɗarikar da ke ibada a ciki ma ba ta waɗanda suka gina shi ba ce.

A watan Maris na 1638 ne jiragen ruwa biyu, Kalmar Nyckel da Fogel Grip, suka iso wurin ƙarƙashin jagorancin Peter Minuit. Aka kafa sansani, aka sa masa sunan Sarauniya Christina ta Suwidin, wadda lokacin shekarunta 11 kacal. Masu ƙaura suka biyo baya, 'yan Suwidin da 'yan Finlan masu yawa, mabiya ɗarikar Luther. Fastonsu na farko, Reorus Torkillus, ya iso a 1640, ya rasu a 1643. Mulkin Suwidin a yankin bai wuce shekara 17 ba. Mutanen Holan suka ƙwace shi a 1655, Ingila kuma ta karɓe daga hannunsu a 1664.

Manoman dai ba su tashi ba. Suka ci gaba da noma da ibada da harshensu, har suka gina cocin katako a Crane Hook a 1667. Sai dai gida ya manta da su, jirage sun daina zuwa. Da Fasto Lars Lock ya rasu a 1688, ikilisiyar ta zama marainiya.

A wannan tsakani ne wani mutum ya riƙe ta, kuma a ganina shi ya fi cancanta a tuna a duk labarin. Sunansa Charles Springer, haifaffen Stockholm. Yana saurayi aka sace shi a Landan, aka kai shi Virginia aka sayar da shi ya yi bautar gona ta shekara biyar. Da wa'adinsa ya cika, ya ji labarin akwai mutanen ƙasarsu a bakin kogin Delaware, sai ya kama hanya a ƙafa har ya same su. Ba a naɗa shi fasto ba, amma ya iya karatu da rubutu, saboda haka shi ke karanta wa jama'a addu'o'i da wa'azi ranar Lahadi.

Da wani jami'in gidan waya na birnin Gothenburg a Suwidin mai suna Johan Thelin ya aiko yana tambayar halin da suke ciki, Springer ne ya rubuta amsa a 1693. Suka roƙi a aiko musu fastoci biyu, da Littafi Mai Tsarki guda 12, da littattafan koyon karatu na yara guda 200, da wasu littattafan ibada. Suka haɗa da jerin sunayensu: gidaje 188, mutum 942. Roƙon littattafan yaran nan ne ya fi taɓa ni. Shekara 38 bayan faɗuwar mulkin ƙasarsu, damuwar iyayen ita ce kada 'ya'yansu su tashi ba su iya karanta harshen da aka yi musu baftisma da shi ba.

Sarkin Suwidin, Charles na 11, ya amsa. A 1697 fastoci uku suka iso: Andreas Rudman, da Erik Björk, da Jonas Aurén. Björk ne ya karɓi ikilisiyar Crane Hook, kuma bai ɓata lokaci ba. Aka aza harsashin sabon coci a 1698 kusa da tsohon sansanin, inda maƙabartarsu take. Jama'a suka ɗebo duwatsu, wasu suka ba da kuɗi, wasu ƙarfinsu. Ranar 4 ga Yuni 1699 aka keɓe shi da sunan Triniti Mai Tsarki. Shekara guda bayan haka Rudman ya buɗe na Philadelphia, Gloria Dei.

Kusan shekara 100 Cocin Suwidin tana aiko fastoci. Amma abin da wasiƙar ta so ta tare bai taru ba. Auratayya da maƙwabta ta yi yawa, kasuwa da kotu duk da Turanci ake yinsu, jikoki suka tashi ba sa jin wa'azi da harshen kakanninsu. Dole fastocin suka riƙa yin wa'azi da Turanci su ma, suna kuma taimaka wa cocin Angilikan da ke kusa idan ba su da limami. Bayan Amurka ta sami 'yancin kai, ikilisiyoyin suka nemi a bar su su zaɓi fastocinsu da kansu. Lars Girelius, fasto na ƙarshe daga Suwidin a Wilmington, ya koma gida a 1791, cocin kuma ya shiga ɗarikar Episkopal, reshen Angilikan na Amurka.

Na Philadelphia ya ɗan ƙara jinkiri. Fastonsu Nicholas Collin ya zauna da su har rasuwarsa a 1831, sannan Gloria Dei ya bi sahu a 1845.

A 1961 gwamnatin Amurka ta sa cocin Wilmington cikin wuraren tarihi na ƙasa, kuma har yau ana taruwa ibada a cikinsa.