Rana, Wata da Taurari a Samaniyar Zariya: Tambayoyi da Amsoshi

Duk daren da aka ɗauke wuta a Tudun Wada ko Samaru, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, sai sama ta cika fal da taurarin da hasken lantarki ya saba ɓoyewa. A irin wannan zama ne yara kan jero tambayoyi, manya kuma su shiga kame-kame. Ga wasu daga cikinsu, da abin da masana ilimin falaki suka tabbatar.

Gamzaki da Zara taurari biyu ne?

Abu ɗaya ne, kuma ba ma tauraro ba ne. Duniya ce mai girma kusan kamar tamu, wadda malamai ke kira Zuhura. Ta fi mu kusa da rana, shi ya sa kullum tana gefenta. Takan yi watanni tana fitowa ta yamma bayan magariba, mu ce ga Zara matar wata. Sai ta ɓace na ɗan lokaci, ta ɓullo ta gabas kafin asuba, mu ce Gamzaki ya fito. Tsakar dare dai ba za ka taɓa ganinta a tsakiyar sama ba.

Kyawun nan nata daga nesa ne. Zafinta ya haura digiri 460, domin iskarta mai kauri tana riƙe zafin rana ba ta saki. Tana kewaye rana cikin kwana 225, amma kafin ta juya a kan kanta sau ɗaya sai ta ci kwana 243.

Sanyin hunturu daga nisan rana yake zuwa?

A'a, akasin haka ma. A farkon Janairu, lokacin da Bazazzage ke rawar ɗari yana jin wuta da asuba, a lokacin ne duniya ta fi kusa da rana, kimanin kilomita miliyan 147. A farkon Yuli ta fi nisa, miliyan 152. Abin da ke kawo sauyin yanayi shi ne duniya a karkace take tafiya, da kusan digiri 23 da rabi. A Disamba da Janairu rana ta karkata kudu, haskenta na zuwa mana a gicce, ga busasshiyar iskar Sahara da ƙura. Busasshiyar iska ba ta riƙe ɗumi, dare na yi sai zafin yini ya tsere.

Nisan nan ba wasa ba ne. Direban da ke gudun kilomita 100 a awa, ba tsayawa shan mai ba tsayawa salla, sai ya shekara kusan 170 kafin ya isa rana. Haske kuwa minti 8 da daƙiƙa 20 kacal yake yi.

Da gaske akwai ranar da inuwa ke ɓacewa?

Akwai, har sau biyu a shekara. Zariya tana wajen digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, don haka rana kan bi ta saman kanmu daidai a wajajen 19 ga Afrilu da kuma 24 ga Agusta. A kafa taɓarya a miƙe da tsakar rana, za a ga inuwar ta shige ƙarƙashinta. Ta Afrilu ta fi sauƙin gani, saboda a Agusta hadari ba ya barin mutum. Mutanen Ingila ko Faransa ba su taɓa samun wannan a ƙasarsu.

Abin da ya fi wannan amfani shi ne irin wannan ranar a Makka. A 27 ko 28 ga Mayu da misalin ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya, da kuma 15 ko 16 ga Yuli da misalin 10:27, rana tana daidai saman Ka'aba. Duk inda rana take a wannan lokacin, can ne alƙibla, inuwar sanda kuma tana nuna bayanta. Mai shirin ɗora harsashin masallaci ya riƙe waɗannan ranaku. Zai ga cewa alƙiblar Zariya ba gabas sak ba ce, ta karkata arewa da kimanin digiri 23.

Me ya sa azumi ke yawo daga bazara zuwa hunturu?

Daga jinjiri zuwa jinjiri kwana 29 da rabi ne, shi ya sa wata kan yi 29 ko 30. Wata 12 ya ba da kwana 354, shekarar rana kuma 365. Gibin kwana 11 ɗin nan ke jawo Ramadan baya kowace shekara, har ya zagayo inda ya taso cikin shekara 33.

Lissafi yana faɗin lokacin haihuwar wata daidai, amma haihuwa daban, gani daban. Jinjirin da bai kai ko sa'a 15 ba da wuya ido ya kama shi, balle in ga hazo ko gajimare. Shi ya sa ake sauraron sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi bayan kwamitin ganin wata ya tantance shaidu.

Mene ne ke kama wata idan an yi husufi?

Inuwarmu ce. Duniya ke shiga tsakanin rana da wata, kuma hakan ba ya faruwa sai wata ya cika, daren 14 ko 15. Husufin rana kuwa wata ne ke tare ta, sai a ƙarshen wata. Ba a samunsa kowane wata domin hanyar wata ta kauce wa ta rana da digiri 5.

Wani abin mamaki: rana ta fi wata faɗi sau 400, ta kuma fi shi nisa kusan sau 400, sai suka zo daidai wa daida a idonmu. Manya za su tuna safiyar 29 ga Maris 2006, da wasu sassan Zamfara da Katsina suka yi duhu ɗungurungum, a Zariya kuma rana ta koma siririya. Husufin wata ba laifi a kalle shi da ido, amma na rana yana ƙona ido, kuma baƙin tabarau ko kwanon ruwa ba sa karewa.

Tauraruwa mai wutsiya fa, ganinta ba alheri ba?

Karin magana ce, ta kuma yi daɗin faɗa, amma dunƙulen ƙanƙara ne da ƙura. Idan ta matso kusa da rana sai ƙanƙarar ta zama tururi, ya miƙe ya yi wutsiya. Zuwanta ma a lissafe yake: wadda ake kira Halley ta zo a 1910 da 1986, za ta dawo a 2061. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi husufin rana, mutane suka danganta abin da rasuwar, sai ya sanar da su cewa rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. A ganina wannan ya ishi mai hankali a kan tauraruwa mai wutsiya ma.

Duniyoyi nawa ke kewaye rana?

Takwas. Wanda ya haddace tara a firamare bai yi kuskure ba: an gano Pluto a 1930, a 2006 masana suka mayar da ita sahun ƙanana. Biyar ana ganinsu da ido, tsofaffin littattafan hisabi kuma sun san su: Uɗaridu, Zuhura, Mirriku, Mushtari da Zuhal. Mushtari ce babba, za ta haɗiye irin duniyarmu 1,300. Hanyar gane su ita ce haskensu a tsaye yake, ba sa ƙyaftawa kamar taurari.

Wani abu daga can ya taɓa faɗowa kusa da mu?

Ƙwarai kuwa, kuma ba nisa. Ranar 3 ga Oktoba 1962, wani manomi yana korar tsuntsaye a gonarsa kusa da Zagami, a yankin Faskari ta ƙasar Katsina, sai ya ji ƙara, wani dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye. Daga baya bincike ya nuna ɓallin duniyar Mirriku ne, jar nan da Turawa ke kira Mars. Wani babban dutse ne ya taɓa faɗa mata, ya watsa ɓaraguzanta cikin sarari, ɗaya ya yi ta gantali har ya iso gonar Bakatsine. An gane asalinsa ne ta iskar da ta maƙale a cikinsa, wadda ta yi daidai da iskar Mirriku da kumbon Viking na Amurka ya auna a 1976. Dutsen Zagami na cikin manyan duwatsun Mirriku da aka taɓa samu, gutsattsarinsa kuma suna ɗakunan bincike da gidajen tarihi a ƙasashe da dama.