Allon darar ces (chess) na katako: amsa ɗaya ga masu yawan tambaya

Gida nawa ne a allon?

64, takwas sau takwas. Farin gida kuma a kusurwar hannun damanka yake zama. Don Allah a daina ajiye allo mai tsada a falo a juye.

Me ya sa kuɗinsa ya kai haka?

Katako iri biyu ne, mai duhu da mai haske, an yanka an haɗa da hannu. Kuskuren kaurin farce a layi ɗaya ya ɓata allon duka. Mai son araha ga na roba nan a kasuwa, ba abin kunya ba ne.

Zai tsage da hunturu?

To, nan ne maganar take, Alhaji. Yana iya tsagewa, yana iya ƙi. Katako yana shan laima da damina ya kumbura, iskar hunturun Kaduna ta zo ta tsotse shi ya tsuke, kuma kowane itace da irin motsinsa. In kafinta ya yi gaggawa da ɗanyen katako daga kasuwar Panteka, ko ya ɗaure allon cikin firam ba wurin motsi, kafin Janairu ya fita za ka ga tsaga. In katakon ya bushe sosai, aka shafe sama da ƙasa daidai, yawanci lafiya lau. Yawanci na ce, ban rantse ba. Wanda aka manna siririn katako mai kyau a kan filawud ya fi jure yanayinmu, ko da yake masu kuɗi suna raina shi. Kar a bar shi a rana, ko cikin mota, ko gaban na'urar sanyaya ɗaki. In ka ga tsaga kamar silin gashi, kwantar da hankalinka, sau da yawa damina na rufe ta. Kada ka ɗura mata gam.

Wane girma zan saya?

Ƙa'idar FIDE, hukumar darar ces ta duniya, ita ce faɗin kowane gida santimita 5 zuwa 6, tsayin sarki kuma kusan 9.5. Auna 'ya'yan darar tukuna.

Wane itace?

Maɗaci ko kanya ga gidaje masu duhu. Na Turai galibi itacen gyaɗar Turawa (walnut) suke sa wa.

Madobiya fa?

Kyakkyawa ce, amma an sare ta har ta yi ƙaranci. Tun 2017 yarjejeniyar CITES, ta cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta sa ido kan fitar da ita waje.

In goge da ruwa?

A'a, Hajiya. Busasshen ƙyalle.