Ma'anar "kogon cuku" da yadda ƙaramin firji yake zama shi

Wanda ya tashi a Sakkwato, idan aka ambaci cuku, abin da zai faɗo masa a rai shi ne ɗan falle mai tauri da Buzaye suke kawowa daga Nijar, wanda aka shanya har ya bushe ƙamas, ana cinsa da shayi ko a daka shi cikin fura. Wannan cuku bushewa ce take adana shi. Akwai kuma wani nau'in da ba ya son rana ko kaɗan, ana ajiye shi makonni ko watanni a wuri mai ɗan sanyi da laima har ya tsumu, kuma wurin ajiyar ne ake kira kogon cuku.

Sunan ya samo asali daga koguna na gaske. A ƙauyen Rokfor da ke kudancin Faransa, har yau a cikin kogunan dutse ake tsuma cukun madarar tumaki, inda iska mai danshi take ratsowa ta tsagogin dutsen, haka kuma cukun Cheda ya ɗauki sunan wani ƙauye a Ingila mai koguna irin waɗannan. Yanzu kalmar ta faɗaɗa, ta haɗa da duk wani ɗaki ko akwati da zai riƙe zafi tsakanin digiri 10 zuwa 13 a ma'aunin Salshiyos, da danshin iska na kashi 80 zuwa 95 cikin ɗari, ba tare da hawa da sauka ba.

Firjin gida bai cika ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan ba, domin yana sauka zuwa digiri 4 ko ƙasa da haka, inda ƙananan ƙwayoyin halittar da suke tsuma cuku suke yin sanyi da aiki, sannan yana tsotse laimar cikinsa har bayan cukun ya tsattsage. Saboda haka ake haɗa shi da wata 'yar na'urar daidaita zafi ta waje, irin Inkbird: a jona na'urar a soket, a jona firjin a jikinta, a zura wayarta mai jin zafi ciki ta gefen robar ƙofa. Idan ciki ya wuce digiri 13 sai ta ba firjin wuta, idan ya sauko inda aka saita sai ta yanke. Ya kamata a saita mata jinkirin mintuna kaɗan kafin ta sake kunnawa, don kada kwamfuresa, wato injin sanyaya firjin, ta gaji, kuma a ɗaure kan wayar a jikin kwalbar ruwa, domin buɗe ƙofa kaɗai kada ya ruɗe ta.

A ganina danshi ne babban aiki a garinmu. Da hunturu, lokacin da leɓe yake tsagewa, wanki ya bushe kafin a gama shanya na ƙarshe, kowace buɗe ƙofa tana kwashe laimar da aka tara. Kwanon ruwa a ƙasan firji yana taimakawa, amma abin da ya fi shi ne a sa kowane cuku cikin roba mai murfi, a kan 'yar tabarmar tsinke don kada ya zauna cikin ruwansa, a bar murfin a ɗan buɗe, a ajiye ma'aunin danshi a gefe. Idan aka ga ɗigon ruwa yana taruwa a cikin murfin har yana shirin zubowa, laima ta yi yawa, sai a goge a ƙara buɗewa. Ana juya cukun kullum a makonnin farko, fumfunar da ba a so kuma a share ta da ƙyalle mai tsabta da ruwan gishiri.

Da bazara, sa'ad da zafi yake haura digiri 40, ɗaukewar wuta ce abin tsoro, shi ya sa mai sola da batir ya fi samun kwanciyar hankali, kuma jera kwalaben ruwa a ciki yana jinkirta ɗumamar firjin na wasu awoyi.

Wara ta Fulani, wadda ake daskarar da ita da ruwan tumfafiya, ba ta kogo ba ce, domin ruwanta ya yi yawa kuma ba ta da tsamin da zai kare ta. Cukun da za a tsuma sai wanda aka tsane ruwansa aka ba shi gishiri, kuma a fara da ɗumama madarar a digiri 63 na tsawon mintuna 30, saboda cututtukan da ɗanyar madara take iya ɗauke da su.