Kafin a yi gini a kan kufai a Ingila, me doka ta tanada?

A karkarar Ingila akwai kufai kimanin 3,000, ƙauyukan da suka watse ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Wasu annobar 1348 ce ta karya su. Wasu kuwa masu ƙasa ne suka tashi manoma don su saki tumaki, kamar yadda aka yi a Wharram Percy ta Yorkshire wajen 1500. Yau in ka je, ciyawa ce kawai, sai 'yan tuddai inda gidaje suke a da, da wani dogon kwari inda hanya ta ratsa.

Wasu kufan suna cikin jerin wuraren da dokar wuraren tarihi ta 1979 ta kare. Duk wanda ya haƙa irin wannan wuri ba da izinin gwamnati ba, ya aikata laifi. Amma da yawa ba sa cikin jerin, kuma ƙa'idar ba da izinin gini ce gatansu.

Tun 1990, bayan ce-ce-ku-cen da aka yi kan burbushin tsohon gidan wasan kwaikwayo na Rose da aka gano a Landan a 1989, aka ɗora nauyin binciken kayan tarihin da ke binne a wuyan mai gini. Tsarin NPPF na 2012, wato kundin ƙa'idojin ba da izinin gini na ƙasa, ya ci gaba da haka. Ƙaramar hukuma za ta nemi mai ginin ya kawo rahoton masana kayan tarihi, wanda ake farawa daga tsofaffin taswirori, hotunan sama da kundin tarihin yankin. In akwai alama, sai a bi filin da na'urar da ke gano abin da ke binne, a yanka 'yan ramukan gwaji. Nan ake cin karo da harsashin bango, murhu, ko fasassun tukwane.

Daga nan hukuma za ta yanke hukunci: ko a hana ginin, ko a karkatar da shi a bar wurin yadda yake, ko a yarda bisa sharaɗin a tone, a rubuta komai, a ajiye inda jama'a za su samu.

Sashen tsarin NPPF da ya fi burge ni shi ne wanda ya ce iya rubuta bayanin wuri ba hujja ba ce ta yarda a lalata shi. Ba don shi ba, da duk mai kuɗi sai ya biya a tone, ya wuce abinsa. Sannan kufan da darajarsa ta kai ta waɗanda ke cikin jerin, ko ba a sa shi ba, da ma'auni ɗaya ake auna su.